Digiri Ko Awoyi? Tambayar da Ke Bin Masu Son Tuƙa Jirgi Mai Saukar Ungulu Har Guangzhou

A ƙarshen watan Disamba na 2023, a bakin tafkin Jiulong da ke gundumar Huangpu ta birnin Guangzhou, wani ɗan ƙaramin jirgi ya ɗaga sama a tsaye ɗauke da mutane. Farfela 16 gare shi, kujeru biyu, kuma da lantarki yake aiki. Ya zaga saman ruwan, ya dawo ya sauka. Babu matuƙi a cikinsa. Masu kula da shi suna ƙasa, a gaban kwamfuta.

Kamfanin EHang, wanda hedikwatarsa ke wannan birni, shi ya ƙera jirgin mai suna EH216-S. Wata biyu kafin ranar, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar Sin ta ba shi takardar amincewa da ƙirarsa, wadda ita ce ta farko a duniya ga irin wannan jirgin fasinja marar matuƙi.

Can cikin gari, a unguwar Xiaobei, inda ’yan Kantin Kwari da Sabon Gari da Alhazan Maraɗi ke sauka idan sun zo sari, bidiyon irin waɗannan jirage na yawo daga waya zuwa waya, har ya isa gida. A gida kuwa akwai yara. Uban da ya saba zuwa Sin sayen yadi ko takalma ko kayan waya ba zai yi mamakin roƙon da ke biyo baya ba: yaro ya gama sakandare, ba ya son likitanci, ba ya son kasuwa, shi jirgi yake so ya tuƙa, kuma tunda Baba ya san hanya, me zai hana a kai shi can?

Daga nan sai a shiga shawara. A bar shi ya yi jami’a tukuna, ya fito da kwalinsa, ko a tattara kuɗin a kai shi makarantar tuƙi kai tsaye? Ga mai son jirgi mai saukar ungulu, wato helikwafta, shawarar ta fi nauyi, domin karatunsa ya fi tsada, guraben aikinsa kuma sun fi ƙaranci.

Abin da doka ta nema

Ƙa’idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ba su ambaci digiri ba. Najeriya da Nijar da Sin duk mambobinta ne, kuma dokokinsu na lasisi a kan turbarta suke. Dokar Sin ta tsaya ne a shaidar kammala babbar sakandare ga mai neman lasisin aiki. Kwalejin Horar da Ma’aikatan Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, kiredit biyar take nema a jarrabawar sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks.

Abin da ake nema na zahiri shi ne shekara 18, da lafiya, da jarrabawa, da awoyi. Lasisin da ke ba mutum damar tuƙa helikwafta a biya shi yana buƙatar awa 150 a sama, ko awa 100 idan an yi su cikin kwas ɗin da hukuma ta amince da shi. Babban lasisin, wanda ake zama kyaftin da shi a manyan jirage masu matuƙa biyu, sai an cika shekara 21 da awa 1,000. Akwai takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, akwai kuma gwajin Turancin rediyo, wanda dole a kai mataki na huɗu a cikinsa.

Ba abin mamaki ba ne da doka ta yi shiru a kan kwali. Tsayar da helikwafta cak a sama aiki ne na hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda: dama na karkata jirgin, hagu na ɗaga shi ko sauke shi, ƙafafu na hana shi juyawa. Saukar da shi lafiya bayan inji ya mutu aiki ne na ’yan daƙiƙoƙi. Wannan ba a ɗakin lacca ake koyonsa ba, kuma wanda ya ce digiri na ƙara wa hannu laushi a nan bai faɗi gaskiya ba.

Tsakanin lasisi da albashi

Matsalar ita ce lasisi ba aiki ba ne. Hangen Dala ba shiga birni ba.

A Amurka, kammala horo daga farko har zuwa lasisin aiki, haɗe da shaidar tuƙi da na’urori kaɗai lokacin da hazo ko gajimare ya rufe ido, yakan ci tsakanin dala dubu 70 zuwa dubu 100. Afirka ta Kudu ta fi sauƙi, amma ita ma da kuɗin waje ake biya. Kafin watan Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Horon da a da ake lissafinsa a miliyan 30 ko 40 sai ya tasam ma miliyan 100, ko ya wuce.

Bayan an biya wannan duka, yaro zai dawo da awa 150 zuwa 200 a kundinsa. Su kuwa kamfanonin mai da kamfanonin inshora, waɗanda su ne ke da ta cewa a kan wanda zai zauna a kujerar kyaftin, awoyi dubbai suke tambaya. Kamar yaron mota ne da ya samu lasisi jiya: takarda ta halatta masa hanya, amma babu mai tirela da zai miƙa masa makulli ya ce ya kai kaya Legas.

A wasu ƙasashe akwai tsanin cike wannan giɓi. Ba’amurken da ya gama yakan zama malamin tuƙi a kan ƙananan jirage irin su Robinson R22, ya koyar shekara biyu ko uku, daga nan ya koma ɗaukar ’yan yawon buɗe ido, har awoyinsa su taru. A Ostareliya da helikwafta ake kora shanu a manyan gandun kiwo, matasa da dama a nan suke gogewa. Mu ba mu da wannan tsani. Ƙananan jiragen ’yan kaɗan ne, makarantun ma haka. Abin da ya rage wa sabon matuƙi shi ne kujerar mataimaki a babban jirgi, ita kuma tana buƙatar wani horon na musamman a kan samfurin jirgin, wanda shi ma dubban daloli ne.

Kanawa sun ga wannan da idonsu. A 2013 gwamnatin Rabi’u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgin sama. Sun yi karatu, sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun shafe shekaru suna jiran kamfanin da zai ɗauke su. Su jiragen fasinja suka koyo, inda guraben suka fi yawa. To ina ga mai helikwafta?

Sinawa sun haɗa biyun

Wanda ya zauna a Guangzhou zai lura cewa su Sinawa ba su cika wahalar da kansu da wannan tambaya ba, domin tsarinsu ya haɗa digirin da lasisin a igiya ɗaya.

Kamfanin jiragen sama, misali China Southern mai hedikwata a birnin, yakan shiga makarantun sakandare ya zaɓi yara tun suna ajin ƙarshe. A gwada idonsu da zuciyarsu da Turancinsu, a binciki asalinsu, sannan su zauna jarrabawar shiga jami’a ta ƙasa, gaokao, wadda ɗalibai kimanin miliyan 13 ke rubutawa a shekara. Wanda ya haye sai ya tafi jami’ar tuƙi. Babbarsu ita ce ta Guanghan a lardin Sichuan, da aka kafa a 1956, wadda ke da reshe a Xinjin inda ake koyar da helikwafta. Shekara huɗu, ya fito da digiri da lasisi tare. Kamfani ya biya kuɗin tashi, shi kuma ya sa hannu a yarjejeniyar aiki ta dogon lokaci. Akwai wata ƙofar ga waɗanda suka riga suka shiga jami’a ko suka gama: a ɗauke su a mayar da su matuƙa.

Yankin da Guangzhou take, bakin kogin Zhujiang, shi ne cibiyar aikin helikwafta na cikin teku a ƙasar. Kamfanin CITIC Offshore Helicopter, da aka kafa a 1983, yana Shenzhen. Sashen helikwafta na China Southern yana Zhuhai. Aikinsu na yau da kullum shi ne jigilar ma’aikata zuwa rijiyoyin mai da ke cikin tekun kudancin Sin, irin dai aikin da ake yi daga Fatakwal da Warri da Eket.

Abin lura a nan shi ne, digirin Basinen matuƙi ba shi ya koya masa tashi ba. Digirin hanya ce da mai biyan kuɗi ya shimfiɗa. Kamfani zai zuba maƙudan kuɗi a kan yaro ɗan shekara 18, saboda haka yana son ya tabbatar yaron na iya zama ya yi karatu, ya ci jarrabawa, ya jure. Akwai masu biya wa kansu a makarantu masu zaman kansu, musamman a ɓangaren helikwafta, amma su ma sukan faɗa ramin awoyi ɗin nan da namu ke faɗawa. Gaba ɗaya helikwaftocin farar hula a Sin ba su wuce dubu ɗaya da ’yan kai ba, a ƙasa mai mutum biliyan 1.4, alhali Amurka na da sama da dubu goma.

Ƙofar da ba ta baƙo ba ce

Nan ne uban da ke Xiaobei ya kamata ya nutsu. Wancan tsari na ’yan ƙasa ne. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ba ya shigarsa.

Ko da ya biya wa kansa ya samu lasisin Sin, aiki a can wani dutse ne daban. Tsakanin matuƙan cikin gida da hasumiya da Sinanci ake magana, jarrabawa da takardu ma galibi haka. Tun 2017 Sin ta kasa takardar izinin aikin baƙi gida uku, kuma rukunin da yawancin ƙwararru ke shiga yana neman digiri da gogewar shekara biyu. Gaskiya ne kamfanonin Sin sun ɗauki matuƙa baƙi da albashi mai tsoka a shekarun 2010, amma kyaftin-kyaftin ne na manyan jiragen fasinja, masu dubban awoyi. Ba sababbin hannu ba.

Idan kuma gida zai dawo, lasisin waje ba ya aiki kai tsaye. Sai hukumar sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta tantance shi daga inda aka bayar, ya zauna jarrabawarta, ya sake gwajin lafiya.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai, wato ruɗanin suna. Jami’o’i irin ta Nanjing da ta Shenyang suna koyar da injiniyancin jiragen sama da Turanci, kuma ɗaliban Afirka da dama sun yi karatu a cikinsu. Karatu ne mai kyau. A Guangzhou kanta akwai kwalejin koyon sana’ar jiragen sama da ta yi suna wajen yaye makanikai. Amma injiniyanci daban, gudanar da filin jirgi daban, tuƙi daban. Dillalin makaranta da ya nuna wa uba takarda mai hoton jirgi, ya bar shi da tunanin ɗansa zai dawo matuƙi alhali ya san ba haka ba ne, ya ci amana. Ana iya shekara huɗu ana karatun jirgi ba a taɓa ɗaga shi daga ƙasa ba. Abin da ya kamata uba ya tambaya kafin ya biya ko sisi shi ne: awa nawa a sama, a kan wane jirgi, kuma wace hukuma ce za ta ba da lasisin?

A gida, mai biya shi ke gindaya sharaɗi

Idan aka dubi matuƙan helikwaftan Najeriya da sunansu ya fito, za a ga da yawansu ba aljihun iyayensu ne ya kai su ba.

Hanya ta farko ita ce soja. Matuƙan rundunar sojin sama hafsoshi ne, kuma babbar ƙofarsu ita ce Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna, NDA, inda ake fita da digiri. Marigayiya Tolulope Arotile, haihuwar Kaduna, mace ta farko da ta tuƙa helikwaftan yaƙi a Najeriya, Lissafi ta karanta a NDA. Ta zama hafsa a 2017, aka tura ta horo Afirka ta Kudu, aka liƙa mata fukafukai a watan Oktoban 2019. Ta yi aiki a yaƙi da ’yan bindiga kafin rasuwarta a haɗarin mota a watan Yulin 2020. Gwamnati ce ta biya kowace awa da ta yi a sama, amma sai da ta bi ta ajin jami’a.

Hanya ta biyu ita ce kamfanonin da ke yi wa masu haƙar mai jigila. Dokar fifita ’yan ƙasa a harkar mai ta 2010 ta ƙara matsa musu su horar da ’yan Najeriya. Kamfanin Bristow ya shafe shekaru yana ɗaukar matasa ya kai su makarantar da yake da ita a lokacin a Titusville ta jihar Florida. Ta hannunsa Abimbola Jayeola ta zama mace ta farko kyaftin ɗin helikwafta a ƙasar a 2014. Tallace-tallacen neman ɗalibai da kamfanin ya riƙa fitarwa a shekarun 2010 sun nemi digiri da shaidar bautar ƙasa daga wanda ba shi da lasisi. Doka ba ta ce a yi haka ba. Amma idan dubbai suka nemi gurbi ’yan kaɗan, dole a sa rariya, kwali kuwa rariya ce mai sauƙin sawa.

Wanda ke son ya biya wa kansa a cikin gida zaɓinsa kaɗan ne. Akwai makarantar koyon helikwafta ta Enugu da ke da alaƙa da rundunar sojin sama. Kamfanin Caverton ya kafa cibiyar horo a Legas mai na’urar kwaikwayon tuƙin helikwafta ƙirar AW139, sai dai wannan ta masu lasisi ce da ke ƙarin ƙwarewa. Zariya kuwa, a 2023 kwalejin ta sayar da helikwafta biyu ƙirar Bell 206 da take da su. Shugabanninta sun ce masu injin jet ne, ba su dace da koyar da ɗan koyo ba, kuma kuɗin kula da su ya yi yawa. Maganar ta kai har gaban Majalisar Wakilai. Ko me aka ce game da cinikin, abin takaici shi ne makarantar da ta fi kusa da yaron Kano ko Katsina ta riƙe jirage shekaru ba tare da sun zama ajin koyarwa ba.

A Nijar, makarantar EAMAC ta Yamai tana yaye masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da ƙwararrun na’urori ga ƙasashen da ke cikin hukumar kula da sararin sama ta ASECNA, amma ba makarantar matuƙa ba ce. Ɗan Maraɗi ko Damagaram mai wannan buri, ko dai kaki, ko dai ƙetare.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Akwai tsofaffin matuƙa da malaman tuƙi da ke ganin jami’a asara ce ga mai son helikwafta, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce.

Suna cewa a wannan sana’a kundin awoyi ake buɗewa a ranar neman aiki. Yaro biyu sa’o’in juna, ɗaya ya tafi jami’a, ɗaya ya tafi filin jirgi. Bayan shekara biyar na biyun na iya zama da awa dubu, na farkon bai fara ba. A Najeriya ma shekara huɗun ba huɗu ba ce. Yajin aikin malaman jami’a ya ci wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022, ga shekarar bautar ƙasa. Sai yaro ya kai 25 ko 26 kafin ya taɓa jirgi, alhali shirye-shiryen ɗaukar ɗalibai sukan sa iyakar shekaru.

Suna kuma nuni da Amurka. Rundunar sojin ƙasanta, wadda ke da helikwafta dubbai, tana ɗaukar matasa daga sakandare ta mayar da su matuƙa ba tare da digiri ba, bisa sharaɗin su yi mata aiki shekara goma. Kamfanin jiragen fasinja na Delta ya cire sharaɗin digiri a farkon 2022, lokacin da matuƙa suka yi ƙaranci. A can, digirin tuƙi daga jami’ar da aka amince da ita yana rage wa mai son jiragen fasinja awoyin da ake nema daga 1,500 zuwa 1,000, amma mai helikwafta ba shi da irin wannan rangwame.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai gaskiya ce ta ƙasar da ke da tsani, da bashin karatu, da ɗaruruwan kamfanoni. Wanda ya kwaso shawarar ya kawo ta Funtuwa ba tare da ya kwaso tsanin ba, ya kwaso rabi. Yaron da aka ce zai tara awa dubu a shekara biyar, a jirgin wa zai tara su?

Ranar da likita ya ce a sauka

Akwai kuma abin da matasa ba sa son ji. Matuƙi yana zuwa gaban likita duk shekara, idan shekaru suka ja kuma duk wata shida. Ciwon zuciya, ciwon suga, farfaɗiya, raunin ido ko na kunne, kowanne na iya dakatar da lasisi, wani na ɗan lokaci, wani har abada. Ba sai mutum ya yi laifi ba.

Kasuwar ma ba ta da tabbas, domin da farashin mai take numfashi. Da ɗanyen mai ya faɗi daga 2014, manyan kamfanonin helikwafta na duniya sun durƙusa ɗaya bayan ɗaya: CHC ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2016, PHI da Bristow suka bi sahu a 2019. A watan Agustan 2020, ana tsakiyar annobar korona, Bristow ya sallami matuƙa da injiniyoyi kimanin 100 a Najeriya. Mutane ne masu dubban awoyi, masu iyali.

A irin wannan rana ce kwali ke magana. Wanda ke da digirin injiniya ko lissafi ko gudanarwa yana iya komawa sashen kiyaye haɗurra, ko hukumar NCAA, ko hukumar binciken haɗurra, ko koyarwa, ko ma ya bar harkar ya kama wata. Shi ya sa nake ganin idan za a yi digiri, gara a yi wanda zai iya tsayawa da ƙafarsa ko babu jirgi. Digirin da sunansa kaɗai ke da fukafuki, idan harkar jirage ta kwanta, tare suke kwanciya.

Jirgin da ba ya neman matuƙi

Abin da ake gani a Guangzhou ya ƙara wa maganar wani nauyi. A watan Maris na 2024 gwamnatin Sin ta sanya abin da take kira tattalin arzikin sararin sama na kusa da ƙasa cikin rahoton aikinta na shekara, kuma hukumomi na hasashen zai kai yuan tiriliyan 3.5 zuwa 2035. A watan Maris na 2025 an ba wa kamfanoni biyu, ɗaya a Guangdong ɗaya a Hefei, izinin ɗaukar fasinja da jirgin EHang. Kamfanin XPeng na da masana’antar mota mai tashi a Huangpu. Jami’o’i shida, ciki har da Jami’ar Fasaha ta Kudancin Sin da ke birnin, sun samu izinin buɗe sabon digiri a wannan fanni.

Kada a yi saurin cewa matuƙi ya tashi aiki. EH216-S kimanin kilomita 30 yake iya yi, da mutum biyu, a hanyar da aka tsara masa. Ba shi zai kai ma’aikata goma sha biyu tsakiyar teku cikin ruwa da iska ba, ba kuma shi zai ɗauki ma’aikatan agaji daga Maiduguri zuwa Rann ko Monguno ba, kamar yadda helikwaftocin Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi. Manyan ayyuka na nan a hannun mutum.

Ƙananan ayyukan ne ke zamewa: ɗaukar hoto, duba layin lantarki da bututun mai, feshin gona, zagayen ’yan yawon buɗe ido, kai magani. Ko a Kaduna, tun 2022 jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi ke kai magani da allurar rigakafi asibitocin karkara. Waɗannan kuwa su ne ayyukan da sabon matuƙi ke tara awoyi da su a duniya. Wato matakalar farko ta tsanin ce ake cirewa. Sababbin guraben da ke buɗewa a madadinsu, a ɗakin sarrafa jirage da wajen batir da manhaja, mai ilimin injiniya suke nema.

Wanne ya riga wanne

Ga ɗan attajirin da zai iya biyan lasisi, ya biya horon samfurin jirgi, ya kuma riƙe yaro shekara biyu ko uku ba albashi, babu laifi a fara da tuƙi. Ya yi digirin daga baya ta Buɗaɗɗiyar Jami’a yana aiki. Matuƙan cikin teku na yin aiki ne makonni, su huta makonni, lokaci na samuwa. Irin waɗannan gidaje ’yan kaɗan ne.

Ga sauran, kuma su ne mafi yawa, ni dai ina tare da digiri, a yi shi a gida inda ya fi araha: Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Kaduna, ko NDA ga mai zuciyar kaki. Dalilina ba wai zai sa yaro ya fi iya tuƙi ba ne. Dalilin shi ne a ƙasarmu kusan duk ƙofar da wani ke biya wa yaro horo, kwali take tambaya. Mafi munin hanya ita ce a sayar da gida ko gona a biya rabin horo, kuɗi su ƙare a awa 80, yaro ya dawo babu lasisi babu digiri.

Gwamnatocin jihohinmu ma, idan za su sake tura yara, ya kamata su fara zama da kamfanonin da za su ɗauke su, a rubuta kujera nawa, a sa kuɗin horon samfurin jirgi cikin kasafi tun farko. Matasa goma da aka kai har kujerar mataimaki sun fi ɗari da aka sauke a filin jirgin Malam Aminu Kano da lasisi a jaka.

Kafin duk wannan, akwai abin da ya kamata a fara yi tun yaro na aji biyar ko shida na sakandare, kuma shi ne mafi arha a cikin lissafin gaba ɗaya: a kai shi wajen likitan da NCAA ta amince da shi, a yi masa cikakken gwajin daraja ta ɗaya. Akwai yara maza da dama da ba sa bambance ja da kore yadda ya kamata, kuma ba su taɓa sani ba, domin babu wanda ya taɓa gwada su. Gara a gano haka a Kano ko Abuja da kuɗi kaɗan, kafin a nemi biza, kafin a tura wa wata makaranta dala ko yuan.